Shekarar Maza Zalla a Ɗakin Kifi

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, wasu matasa uku suka shigo shago. 'Ya'yan mutanenmu ne da aka haifa a nan Riyad, Larabcinsu ya fi Hausarsu kaifi. Ɗaya ya miƙo mini waya ya ce, "Ammu Isuhu, kalli wannan. Minti takwas kacal. Ka zuba ruwa, ka sa namiji da mace, halas, sai 'ya'ya." Na kalla har ƙarshe. Mai bidiyon bai yi ƙarya ba. Sai dai bai nuna bokiti ba, bai nuna ruwan Riyad ba, bai kuma nuna abin da mutum yake yi ranar da ya iske kifayensa kwance a ƙasan tanki ba. Saboda ku matasan nan da irinku nake wannan bayani, don ku san sana'ar da kuke son shiga kafin ku sayi gilashin farko.

Ni ɗan Madarumfa ne, kusa da Maraɗi. Gidanmu masunta ne tun kakanni. Na zo ƙasar nan a matsayin direban gida, ikamata, wato takardar zamana, ma abin da aka rubuta a kanta ke nan. Kafil ɗina, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki, sunansa Nasir, gidansu yana Dir'iyya, a gefen wadi, wato kwari, tsohon gida ne mai bangon laka mai kauri. Aikina kai yara makaranta, kai mata kasuwa, da kai mahaifinsa asibiti, wato Abu Nasir, wanda ciwon suga ya fara cin idanunsa. Ni "Ammi" nake kiransa, wato baffana, shi kuma "Yusuf" yake ce mini, don Isuhu ya ƙi zama a bakinsa.

Wata rana muka dawo daga asibiti, ya ce in riƙe masa hannu in kai shi wani ɗaki a ƙasa wanda ban taɓa shiga ba. Na iske tankunan gilashi goma sha huɗu a jere kan katako, ruwa yana ɓulɓula a hankali. Na leƙa ina neman kifi. Da ƙyar na hango su, kowane bai kai ɗan yatsana ba. Dariya ta kubce mini.

"Me kake wa dariya?" in ji shi.

"Ammi, a garinmu idan irin wannan ya shiga koma, mayar da shi ruwa muke yi. Ko miya ba zai yi ba."

Bai ji haushi ba. Ya ce waɗannan su ake kira ƙananan sikilid, kuma dangin kifin nan ne da Larabawa suke kira bulɗi. Na ce ai karfasa ke nan, na san ta kamar tafin hannuna. Na gaya masa yadda namijin yake share rami a yashi kusa da gaɓa, zagaye kamar faranti, da yadda uwar take kwashe 'ya'yanta a baki idan inuwar tsuntsu ta gifta, ta tofar da su idan hankali ya kwanta. Dattijon ya gyara zama. Ya ce in sake faɗa, a hankali. Da na gama ya ce, "Shekara ashirin ina karanta wannan a littafi. Kai ka gani da idonka a tafki?" Na ce tun ina tsirara. Washegari ya gaya wa Nasir cewa daga azahar zuwa la'asar ni nasa ne.

Aikin farko da ya ba ni ɗaukar ruwa ne, kuma shekara guda cur ban yi wani ba. Bokiti biyu ne, shuɗi na ruwa mai shiga, ja na ruwa mai fita, kuma babu wanda sabulu ya taɓa taɓawa. Ruwan famfon Riyad yana da nauyi, gishirin dutse ya yi masa yawa. Ku dubi cikin butar shayinku za ku ga farin da yake bari. Kifayen nan kuwa daga ƙananan rafukan daji suka fito, inda ganye yake faɗawa ya ruɓe, ruwan ya yi laushi ya yi launin shayi marar ƙarfi. Saboda haka sai mu tace ruwa da na'ura, mu gauraya kashi uku na tatacce da kashi ɗaya na famfo, mu bar shi ya kwana da iska tana kaɗa shi, mu jefa busasshen ganyen bishiyar lauz da ake kawo mana daga Jizan. Da zafi kuma ruwan famfo daga tankin rufin gida yake saukowa, wanda suke kira hazzan, yana iya ƙona maka hannu. Wanda ya zuba shi kai tsaye ya dafa kifinsa ne. Duk wannan da baya da kafaɗa ake yinsa, kashi ɗaya cikin biyar na kowane tanki, kowane mako, ko kana azumi ko kana mura.

A shekara ta biyu ya bar ni na riƙe tiyo. Za ku ce mene ne a cikin tiyo. Ka tsotsa da baki har ruwa ya taho, ka toshe da babban yatsa, ka bi saman yashi kana ɗauke ƙazanta ba tare da ka tada yashin ba, idonka ɗaya a bakin tiyon ɗaya a bokiti. Ranar farko na zuƙe 'ya'yan wani kifi da ake kira kirib guda goma sha ɗaya ban sani ba. Ammi ya ji yadda na yi tsit. Ya ce, "Duba jan bokiti kafin ka zubar." Na durƙusa na yi awa guda ina tsince su da cokali. Tun daga ranar ban taɓa zubar da bokiti ban bar shi ya kwanta na leƙa ba.

Sauran kayan aikin ba su da yawa, kuma ba su da kyan gani. Ƙaramar raga mai laushi. Soso da famfon iska, su ne matacin ruwa, kuma a cikin ruwan tankin ake matse soson, ba a famfo ba, domin abin da yake tsabtace ruwan halittu ne da ido ba ya gani, suna zaune a cikin soson. Ɓawon kwakwa da aka raba biyu aka yi masa 'yar ƙofa, ko ƙaramin kaskon furanni a kife, shi ne ɗakin amarya. Sirinji marar allura don kai abinci daidai bakin 'ya'ya. Gorar ruwa a kife da ruwan gishiri, inda muke ƙyanƙyashe wasu ƙananan ƙwarin ruwa da ake kira artimiya, kowace rana sabo, domin jaririn kifi ba ya cin abin da ba ya motsi. Sai ma'aunin zafi, wanda na daɗe ina raina shi.

Amma babban abin da na koya a wurinsa kallo ne, kuma makantarsa ce ta koya mini. Idanunsa suna raguwa, nawa suka zama nasa. Zai zauna a kujerar roba ya ce, "Tanki na shida. Macen kirib. Yaya cikinta?"

"Ja ne, Ammi."

"Ja kamar me? Tumatir ko rumman?"

"Kamar rumman da ya nuna sosai."

"Tana lanƙwasa jiki a gaban namiji, tana karkarwa?"

"Tun jiya."

"To ka daina sa hannu a tankin nan. Jibi za ta ɓace cikin kwakwa."

Jibi kuwa ta ɓace. Bayan mako guda ta fito da garkenta a ƙarƙashin ciki, kamar an watsa garin gero a ruwa, uban yana gefe yana gadi. Shi ne ya gaya mini cewa kirib ɗin nan asalinsu daga rafukan kudancin Najeriya ne. Na ce ashe maƙwabtana ne muka haɗu a baƙunta. Kifaye ne masu zaman lafiya, suna zama da ƙananan kifaye ba sa taɓa kowa, ba sa tumɓuke shuka kamar manyan danginsu. Amma ranar da mace ta yi ƙwai, ko hannunka ka sa sai ta kai masa sara.

Abin alfaharin ɗakin ba kirib ba ne, wani ne da ake kira afisto mai tukku, ɗan rafukan Amurka ta Kudu. Namijin yana da tukku a baya kamar na zakara. Ammi ya shafe shekara goma sha biyu yana zaɓe, daga kowane ƙyanƙyasa ya ware wanda ya fi ja ya haɗa da macen da ubanta ya fi ja, har ya samu iri wanda tukku da jela da fiffiken ƙasa duk jajaye ne kamar garwashi. Macen kuwa 'yar ƙarama ce, launin toka, ba za ka kalle ta sau biyu ba, sai lokacin da ta yi ƙwai ta rikiɗe ta koma rawaya shar da baƙaƙen zane. Mutane suna zuwa daga Kasim da Dammam don su ga irin nan.

Masu zuwa saye iri-iri ne. Akwai wanda zai ɗauki biyu yau, ya dawo gobe da su a leda ya ce mun ba shi marasa lafiya. Ka tambaye shi ka iske jiya ya sayi tankin, jiya ya cika shi. Akwai wanda ya zuba su tare da wani ƙaton kifi mai baki kamar jaka, ya zo yana tambaya ko suna iya tsalle su gudu. Wata baiwar Allah ta wanke yashi da soso da omo don tana son tsabta. Ammi ya koya mini in yi tambaya uku kafin in sa raga: tankinka ya yi wata guda da ruwa, wa yake ciki, wa zai ba su abinci idan ka tafi hutu. Wanda ya kasa amsawa sai a ba shi gahawa a sallame shi. A cikin masu amsawa daidai akwai Dakta Rakiya, likitar yara ce 'yar Zariya da take aiki a wani asibiti a nan. Ta sa tanki a falonta, kuma ita kaɗai ce take zuwa da tambayoyinta a rubuce.

Yanzu ga mummunar shekarar. Ina shekara ta tara a gidan lokacin da gine-gine suka kewaye unguwar, ƙura da ƙarar injuna dare da rana, Nasir ya yanke shawarar su koma sabon gida a arewacin gari. Gida ne mai kyau, amma babu ɗakin kifi a ƙasa. Aka ba mu ɗakin da yake kan rufi, wanda suke kira mulhak. Na kwashe tankuna goma sha huɗu ni kaɗai a cikin kwana shida, kifi a bokiti, soso a jiƙe, ban rasa ko ɗaya ba. Ammi kuwa ƙafafunsa sun riga sun yi rauni, hawa uku ba zai iya ba. Sai ya zama kullum bayan la'asar in sauko majalisarsa in ba shi labari tanki bayan tanki.

Mako na uku, ranar Talata, na kai yara makaranta. A bayana masu wanke hazzan suka zo suka wanke shi da kilorin mai yawa, babu wanda ya gaya mini, don babu wanda ya ga dalilin gaya wa direba. Ni kuma ruwan da na ajiye ya kwana bai isa ba, na ce bari in cike da na famfo, sau ɗaya ba zai yi komai ba. Shekara tara ina bin doka, ranar nan na karya ta. Kafin in gama tanki na goma, na farko ya fara. Kifaye suka taso sama suna haki, suna juyawa a gefe. Na sunkuya na shinshina bokiti, warin ya bugi hancina. Na ruga bakala, shagon unguwa, na kwaso duk ruwan sha na gora da yake shagon, na dinga kwasar kifi ina jefawa ciki. Kafin magariba na tara gawa a faranti fiye da ɗari. A cikin afisto jajaye, uku ne suka rage, waɗanda suke wani ƙaramin tanki a lungu da ban kai gare shi ba: maza biyu da mace ɗaya, ita ma ta haura shekara biyu, wanda tsufa ne a wurinsu.

Na sauko na tsaya a ƙofar majalisa. Ammi ya ce, "Yusuf, tafiyarka ba irin ta kullum ba ce." Na gaya masa komai, har da cewa ni na cike da ruwan famfo. Ya murza carbinsa. Sannan ya ce, "Macen tana cin abinci?" Na ce tana ci. Ya ce, "To je ka wanke tankunan."

Nasir mutumin kirki ne amma ba mai kifi ba ne. Ya same ni a mota ya ce, "Ka ga, Yusuf, baba ba ya gani, ba ya hawa. Ɗakin nan wahala ce kawai. Idan sanyi ya shigo irin bai farfaɗo ba, za mu rufe shi, matata tana son wurin." Na ce, "Tayyib." Wato na amince.

Na zagaya shagunan kifi na garin nan kaf ina neman mace. Masu shigo da kaya maza suke kawowa, don su ne masu launi, su ake saye. Mata biyu da na samu a wani shago cikinsu ya shafe, ba su yi kwana goma ba. Kuma ko sun rayu, ba jinin irinmu ba ne. Komai ya rataya a kan tsohuwar nan.

Ba ta ba ni kunya ba. Da zafi ya fara ta shiga kasko ta fito da 'ya'ya talatin da huɗu. Na yi renonsu da sirinji sau huɗu a rana. Bayan mako shida ta sake fitowa da ashirin da shida. Na sauko ina murna, Ammi ya sa aka kawo dabino. Abin da ba ku sani ba shi ne, ɗan afisto ba a gane namiji ne ko mace sai ya yi wata uku ko fiye. Na zuba ido. Na farko ya fito da tukku, na ce madalla. Na biyu, na biyar, na goma. Kowace safiya in lissafa waɗanda ba su nuna ba tukuna, in ce waɗannan mata ne, bayan kwana uku su ma su tsiro da ja a jela. Talatin da huɗu, maza zalla. Garke na biyu ya biyo baya, ashirin da shida, babu mace ko ɗaya. Maza sittin, kyawawa, jajaye kamar wuta, suna ta faɗa da juna, ga uwarsu ta fara ramewa a baya.

Na canja abinci. Na canja gaurin ruwa. Na canja uban, na sa ɗayan. Ammi ya ce a tsohon gida ba a taɓa yin haka ba, wani lokaci maza su fi yawa, amma ba a rasa mata. Ni har na fara tunanin ko kilorin ɗin ne ya taɓa ta daga nesa.

Ana cikin haka Dakta Rakiya ta zo neman ganyen lauz. Ta hau har mulhak tana haki, tana fifita da gefen mayafinta. Ta dubi tankunan ta yi dariya ta ce, "Malam Isuhu, makarantar kwana ta maza ka buɗe?" Na gaya mata halin da ake ciki. Dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Ni ban san kifi ba. Amma na san kada da kunkuru, zafin yashin da aka binne ƙwai a ciki shi yake sa a samu maza ko mata. Ɗakin nan naka ai tanda ne. Nawa ruwan yake?"

Ma'aunin yana manne a gilashi tun ranar da muka tare, ni kuwa na daina kallonsa, tunda akwai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma kifi suna cin abinci. Na duba. Talatin da ɗigo. A Dir'iyya, a bayan bangon laka, ashirin da biyar ne ko da shida, rani da damina. Na tsaya ina tuna garken da muka yi a can. Waɗanda aka ƙyanƙyashe lokacin ɗanyen dabino, da tsakiyar zafi, su ne maza suke rinjaye. Na sanyi kuwa mata sun fi yawa. Shekara tara abin yana gabana.

Na sauka da gudu na gaya wa Ammi. Ya bugi cinyarsa ya ce, "Wallahi bangon ne! Bangon ne yake mana aiki ba mu sani ba. Sauko da tsohuwar macen zuwa nan majalisa, mukayyif ɗin nan ya fi ƙarfi."

"Ba zai yiwu ba, Ammi. Shekaranjiya ta shiga kasko. Ta yi rawaya."

Ya gane. Idan ka motsa tankin mace mai ƙwai, cinye su take yi. Kuma yadda ta rame, ni da shi mun san wannan ne na ƙarshe.

"To ka kai mata sanyin can," in ji shi.

Ga yadda na yi, ku riƙe, don wata rana za ku buƙata. Na rufe tagar yamma da kwali da bargo. Na cire murfin tankin na ɗaura ƙaramar fanka tana busa saman ruwa. Na cika gorunan ruwa goma sha biyu na sa a firiza. Uwargidan Nasir da kanta ta kwashe naman da yake ciki ta ba ni wuri, ta ce saboda baba. Ba a jefa ƙanƙara cikin tanki, sanyin da ya zo farat ɗaya ya fi zafi kisa. Sai in naɗe gora a tsumma in jingina ta a jikin gilashi ta waje, nesa da kaskon, in sauke zafin digiri ɗaya a yini, har na kai shi ashirin da biyar a kwana biyar. Daga nan aikin ya zama riƙe shi a wurin. Kowace awa biyu a canja gora. In kai yara makaranta in dawo in hau bene. In kai mata kasuwa, in bar su a ciki, in dawo in hau bene, in koma in ɗauko su. Fanka tana shanye ruwa, sai in mayar da tatacce da cokalin miya a hankali ta kusurwa. Mako biyar ina haka. Gwiwata ta hagu tun lokacin ba ta koma daidai ba.

Ta fito da goma sha tara. Ta yi renonsu mako uku, tana kaɗa fiffike su kwanta, tana kaɗawa su tashi. Wata safiya na iske ta a bayan soso, ta mutu, 'ya'yan suna ta kiwo a kan ganye. Na binne ta a tukunyar shukar da take kan rufi.

Daga nan sai jira. Sanyi ya shigo, wa'adin Nasir ya yi, amma bai ce komai ba, ni ma ban tuna masa ba. Kullum Ammi ya tambaya, kullum in ce ba su nuna ba. A wata na uku tukku ya fara fitowa. Ɗaya, uku, bakwai, goma sha biyu. Bakwai suka rage masu launin toka. Ban gaya masa ba, domin akwai namiji mai wayo da yake ɓoye launinsa ya yi kama da mace don kada manya su dake shi, kuma irinsu sun riga sun yaudare ni sau biyu. Na ware bakwai ɗin a babban tanki, na kife kasko biyar, na sa mafi ja a cikin maza sittin ɗin nan. Na ƙara musu artimiya. Na yi ta jira har kwana ashirin da uku.

Ranar Asabar da hantsi na hau da sirinji. A ƙofar kasko na biyu ga wata 'yar abu rawaya shar, da baƙin zane a kumatu, ta tare ƙofa, ta kori namijin da ya ninka ta biyu har ƙarshen tanki. Na duba kasko na huɗu. Wata ce. Na ajiye sirinji na yi sujada a kan tayil ɗin da yake jiƙe.

Na sauko na iske Nasir yana karya kumallo da mahaifinsa. Na ce, "Ammi, biyu sun yi rawaya. Suna kan ƙwai. Sauran biyar ɗin ma mata ne."

Ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Ku kai ni."

Nasir ya ce wa mahaifinsa, "Yuba, hawa uku ne."

"Na ce ku kai ni."

Muka ɗora shi a kujerar roba, Nasir ta dama ni ta hagu, muka hau da shi muna hutawa a kowane hawa. Shi ne hawansa na farko tun da aka tare a gidan. Na ɗauki hannunsa na ɗora a gilashin, daidai kasko na biyu. Macen ta fito ta kai wa tafin hannun sara ta cikin gilashi, ta koma, ta sake fitowa. Nasir ne ya gani ya ce, "Yuba, tana dukanka!" Dattijon ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Hannunsa yana kan gilashin ya ce wa ɗansa, "Ni na yi shekara goma sha biyu ina yin irin nan ban san me yake riƙe da shi ba. Wannan ya sani. Daga yau kada wanda ya ƙara ce masa sawwak, wato direba, a gidan nan. Mu'allim ne."

Da muka sauko da shi, Nasir ya biyo ni waje ya miƙo hannu. Na ɗauka gaisawa za mu yi. Ya ce, "Makullin mota." Na ba shi, ina zaton korata zai yi. Ya jefa shi a aljihu ya ce, "Zan nemi direba. Kai je ka wurin matanka."

Ammi ya yi shekara biyu bayan haka, Allah ya jiƙansa. Kafin ya rasu sai da aka gyara takarduna, Nasir ya buɗe shagon nan ya sa ni a ciki. Duk afisto ja da kuka gani a tankunan bayan can jikokin mata bakwai ɗin nan ne, haka ma waɗanda suke falon Dakta Rakiya, da na gidaje da yawa daga nan har Jidda. Masu shagunan da a da nake bi ina roƙon mace ɗaya, yanzu su suke kirana a waya, kuma abin da suke fara tambaya shi ne, "Mu'allim, akwai mata?"

Akwai, nake ce musu. Nawa kuke so?